MU AUNA ISKA KAFIN MU KAFA INJI: WANE AKWATIN AWO ZA MU SAYA?

Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal ɗin garinmu ya yi gaban babban taron ƙungiya. Mun buga shi dukanshi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da ƴan uwanmu da ke wajen ci-rani.



Samarinmu sun kawo shawarar a ƙera injin iska nan cikin gari, da katako da ƙarfe da wayar jan ƙarfe, domin ya riƙa cika batiri. Da wannan batirin za a kunna fitila a lakwal da ɗakin shan magani, a kuma caja wayoyi. Shawara ce mai kyau. Amma kuɗin da ke cikin asusu guminku ne: na gyaɗa, na wake, na abin da ƴan ci-rani sunka aiko. Sau ɗaya za a kashe su. Shi ya sa biro ya ɗora mani in yi bayani kan abin da ya kamata a fara saye tun ba a sayi maganaɗisu ko guda ba, watau akwatin da ke auna iska yana rubutawa.

NA FARKO: DON ME SAI AN AUNA?

Wani zai ce: «Mushe, iska kuma sai an auna? Ai kowa ya san yadda hunturu ke yaye mana rufin ɗaki.» Gaskiya ne. Amma mutum yana tuna ranar da iska ta kayar mashi da danga, ba ya tuna kwana ashirin da ganye bai motsa ba. Batiri kuwa da waɗannan kwanaki ashirin yake rayuwa.

Ga ɗan lissafi, irin wanda yaran CM2 za su iya. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sau takwas yake ninkawa, domin 2 sau 2 sau 2 ne. Mu ɗauki injin da samari ke so, mai faɗin fukafukai metir 2,4. Da'irar da fukafukan ke sharewa ta kai murabba'in metir 4,5. Iskarmu mai zafi ce, ba ta kai ta ƙasashen sanyi nauyi ba: kimanin kilo 1,1 ga kowane metir kib. Babu injin da ke kama ƙarfin iska duka. Wani Bajamushe mai suna Albert Betz ya nuna, shekaru fiye da ɗari da sunka wuce, cewa iyakar abin da za a iya kamawa kashi 59 ne cikin ɗari. Injin ƙirar hannu in ya kai da kashi 30 cikin batiri, ya yi ƙoƙari. To, bisa wannan lissafi:

- iska mai gudun metir 3 cikin daƙiƙa: wat 20;
- mai metir 4: wat 48;
- mai metir 5: wat 93;
- mai metir 6: wat 161.

Wat 20 ɗin can ma a takarda ne, domin irin wannan inji sai iska ta kai wajen metir 3 yake fara caji. Ku dubi tazarar da ke tsakanin 3 da 5. A fatar jiki bambancin kaɗan ne, a batiri kuwa ya kusa ninki biyar. Ba ido ko kunnen da zai raba mana metir 3,5 da metir 4,5 cikin shekara guda, alhali nan ne riba da hasara sunka rabu.

Kada mu manta kuma muna da wata hanya. Ƙasarmu ƙasar rana ce. Tun 1965 anka kafa ofishin ONERSOL, wanda marigayi Abdou Moumouni Dioffo ya shugabanta, shi ne wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza a 2018, ta Gorou Banda a 2023. Allon hasken rana na wat 100, wanda muke ce ma fano, yana ba da wat-awa 400 zuwa 500 a yini, ba mai hawa sama ya sa mashi mai. In iskarmu ta metir 3 ce, duk wahalar injin ba ta fi fano guda ba. In ta metir 5 ce, ya kusa fano biyar, yana kuma aiki ranar da ƙura ko hadari sunka rufe rana. Wannan ita ce tambayar da akwatin awo zai amsa mana: iska ko rana, ko kuwa su biyun.

Mun ji labarin manyan injina: 46 a Taïba Ndiaye ta ƙasar Senegal, waɗanda anka ƙaddamar a 2020, 37 a Lambar Rimi ta jihar Katsina, nan kusa da mu, da yarjejeniyar da anka sa ma hannu a 2022 don yankin Tarka cikin jihar Tawa. Amma turakun na Senegal sun fi metir 100 tsawo, iskar can sama ba ita ce ta metir 12 ba. Kuma masu waɗannan manyan ayyuka ba su zuba kuɗi sai sun auna iskar wurin shekara guda ko fiye. In mai miliyoyi yana aunawa, ina ga mai jikkuna?

NA BIYU: MENE NE AKWATIN AWO?

Kun san ma'aunin ruwan sama. Da safe mutum ya duba, ya rubuta milimetir cikin kaye, a aika, mu ji a rediyo. Ruwa yana zama cikin gwangwani ya jira mai dubawa. Iska ba ta jiran kowa, ta wuce ta wuce. Saboda haka ana bukatar magatakarda wanda ba ya barci, ba ya zuwa kasuwa. Shi ne akwatin awo. In kun je shago a Maraɗi ko Yamai, sunan da za ku faɗa da faransanci shi ne «enregistreur de données».

Kayan kashi uku ne. Akwai ma'aunin gudun iska, anemometir, mai kama da ludayi uku da ke juyawa bisa tsinke. Akwai kibiya mai nuna gabar da iska ta fito. Sai akwatin kanshi, wanda ke ƙirga juyin ludayin, ya dubi agogonshi, ya rubuta cikin katin memwar irin na waya.

NA UKU: SHARUƊƊA BAKWAI

Mai shago zai yabi kayanshi, sana'arshi ce. Mu kuwa ga tambayoyin da za mu yi mashi.

1. Sau nawa yake aunawa, sau nawa yake rubutawa?

Nan ne akan yi babban kuskure, ku ba ni hankalinku. Ga kwana biyu. Ranar farko iska ta yi metir 4 tun safe har wata safiya. Rana ta biyu ta yi tsit awa 12, ta yi metir 8 sauran awa 12. In munka fidda mwayen, kamar yadda muke fidda ma yara a ƙarshen wata uku, kowace rana 4 ce. Amma ƙarfi fa? Ranar farko: 4 sau 4 sau 4, 64. Rana ta biyu: 8 sau 8 sau 8, 512, a raba biyu, 256. Ninki huɗu ke nan, alhali mwayen ɗaya. Akwatin da ke ba da mwayen ɗin yini kaɗai ya ɓoye mana rabin labari.

Ƙa'idar ma'aikatan meteo na duniya ita ce a auna iska a tsawon metir 10, a fidda mwayen na kowane minti 10. Mu ma haka za mu nema: akwatin ya auna kowace daƙiƙa ko kusa da haka, bayan minti 10 ya rubuta layi guda mai ɗauke da kwanan wata, da awa, da mwayen, da gudu mafi ƙarfi da ya gani, da gabar iska. Gudu mafi ƙarfi shi zai gaya ma maƙeranmu kaurin ƙarfen da turke ke bukata don ya jure guguwar farkon damana.

2. A ina yake ajiye rubutun, wa ke iya karanta shi?

Layi 6 a awa, 144 a yini, 52.560 a shekara. Da yawa a kunne, amma nauyinsu bai fi na ƴan hotunan waya ba, ƙaramin kati ya isa. Abin dubawa shi ne irin rubutun. Mu nemi wanda ake ce ma CSV, rubutu ne sarari, kowace kwamfuta da wayoyi da yawa suna buɗe shi. Akwai akwatunan da ba su sakin awo sai ta intanet, wasu har sai an biya kuɗin wata. Kun san halin rezo a garinmu. Akwatin da ke aika awo ta waya ba laifi ba ne, amma lalle ya zan yana ajiye kwafi cikin kati.

3. Agogonshi yana tsayawa in wuta ta yanke?

Awo marar lokaci kamar bashi ne marar suna. Muna so mu sani: da hantsi iska ke zuwa ko da dare? A ƙasashen Sahel, lokacin hunturu, iskar ƙasa-ƙasa takan yi ƙarfi da hantsi ta kwanta da dare. In haka ta tabbata nan, to iska da rana lokaci guda suke zuwa, ga shi mu da dare muke son fitila. Sai agogo mai gaskiya zai nuna mana wannan. A tabbatar agogon yana da ɗan pil nashi na dabam, mai kama da kwabo. Samarinmu masu gyaran waya su riƙe sunan DS3231: kuskurenshi bai fi kamar minti guda ba a shekara.

4. Nawa yake ci, ina yake samun wuta?

Ƙaramin allon Arduino Uno yana cin wajen wat-awa 14 a yini in an ba shi bolt 12. Ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, mai cin wajen wat 3, tana shan 72, kamar amful na wat 5 da anka bari kunne awa 14. Tana kuma iya ɓata kati in wuta ta yanke mata ba zato. Ba irin aikinmu ba ce.

Ga abin da ya fi wannan muhimmanci. Akwatin ya zan yana da ɗan fano nashi da ɗan batiri nashi. In anka haɗa shi da batirin injin, ranar da iska ta kwanta batiri zai sauka, akwati ya mutu. Kwanakin rashin iska ba za su shiga rubutu ba, sai na iska kaɗai. Ƙarshen shekara mu duba mu ce garinmu garin iska ne. Akwatin bai rubuta ƙarya ba, amma shirun da ya yi ya ruɗe mu.

5. Zai jure zafi da ƙura?

Cikin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Cikin akwatin ƙarfe da ke tsakiyar rana ya fi haka nesa. A karanta takardar na'ura a ga iyakar zafin da anka rubuta. Wadda ta tsaya ga 40 ta ofis ce, mu nemi mai 60 ko fiye. Game da ƙura kuma akwai alama: IP da lambobi biyu. Lamba ta farko 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyu 5 tana nufin ruwan da anka fesa ba ya shiga. IP65 ke nan. In na'urar ba ta da wannan, a sa ta cikin akwatin roba mai shi. Wayoyi su shiga ta ƙasa, a toshe kowace kafa, in ba haka ba zanzaro zai gina ɗakinshi ciki.

6. Ya dace da anemometir ɗin?

Ba kowane ludayi ke magana da kowane akwati ba. Wasu, kamar na kamfanin Davis, suna rufe ɗan makunni sau ɗaya ga kowane juyi, ƙirga su da sauƙi. Wasu, kamar NRG 40C, ɗan kuran suke fitarwa mai hawa da sauka, sai akwatin da anka yi don haka. Kada a sayi ludayi a Kano, akwati a Yamai, a zo gida a tarar ba su jin harshen juna. A saye su tare, a gwada su gaban mai shago, a kuma karɓi lambar da ke maida juyi zuwa metir cikin daƙiƙa. Ɗan anemometir na hannu, wanda ake ɗagawa sama a karanta, yana da amfani wajen koya ma yara, amma ba ya maye gurbin wannan.

7. Yana da ƙofofin da za su ishe mu gobe?

In awo ya yi kyau munka kafa inji, aikin akwati bai ƙare ba. Za mu so ya riƙa rubuta bolt na batiri, da amfer da injin ke turawa, da saurin juyin fukafukai. Saboda haka a nemi mai ƙofa biyu na ƙirga da ƙofa uku na awon bolt, ko fiye. Gara a biya ɗan ƙari yau da a sake saye baɗi.

NA HUƊU: IRI UKU DA AKE SAMU

Iri na farko na manyan ma'aikatu ne, kamar na Campbell Scientific da NRG Systems. Ba su da abin kushewa wajen aiki, irinsu ake kafawa a daji shekara da shekaru. Amma tsadarsu na iya cinye kuɗin injin dukanshi, in kuma sun lalace ba mai gyara su kusa. Irin wannan aro ake nema, ba saye ba. Biro na iya rubuta takarda zuwa ga ma'aikatar meteo, ko jami'ar Maraɗi ko ta Damagaram, a tambaya ko akwai ɗalibin da ke son wurin yin bincike. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Iri na biyu shi ne na tsaka-tsaki, wanda ke zuwa a haɗe: ƙananan tashoshin meteo irin na Davis, ko akwatunan HOBO na kamfanin Onset. An gwada su tun daga masana'anta, ɗaurawa kawai za a yi. Sai dai a kula: da yawa cikin tashoshin gida masu araha suna nuna iska a fuskar gilashi amma ba su ajiye ta, ko kuwa robarsu ta farfashe bayan rani guda. Araha ba ta ado. Wasu kuma iska da ruwa kaɗai sunka sani, ba su da ƙofar awon amfer.

Iri na uku shi ne wanda ake haɗawa da hannu: allon Arduino, wanda anka fara yi a Italiya a 2005, da agogo, da wurin sa kati. Shi ya fi araha, kowane gunki nashi ana iya canza shi, ilimin kuma nan gari zai zauna. Haɗarinshi: waya guda in ta saki, ko lissafin da anka sa mashi in da kuskure, sai a yi wata uku ana rubuta banza ba wanda ya sani. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya yarda da gwaji mai tsanani.

Ba mu ne farkon shiga wannan hanya ba. Irin injin da samari ke nufi zanen wani mutumin Sikotland ne, Hugh Piggott, wanda ya tsara girma shida daga metir 1,2 zuwa 4,2. Masu ƙera shi daga ƙasashe dabam-dabam sun haɗu a Dakar a 2011 sunka kafa ƙungiyar Wind Empowerment, kuma auna iska na cikin abubuwan da sunka fi ba ƙarfi. Abin da sunka koya da wahala, mu ɗauke shi kyauta.

NA BIYAR: INDA ZA A KAFA, DA YADDA ZA A GWADA

Akwati mai kyau a mugun wuri bai da amfani. Anemometir ya hau daidai tsawon da injin zai zauna, a kuma filin da zai zauna. In bututun ƙarfen da muke kira turke zai yi metir 12, to a metir 12 za a auna, ba bisa rufin lakwal ba. Ƙa'idar masu wannan sana'a: fukafukai su fi duk wani abu da ke cikin metir 150 tsawo da kamar metir 10. Ku tuna halin gawo: da damana yake zubar da ganye, da rani yake cika. Watau daidai lokacin hunturu, sa'ad da muke sa ran iska, shi ne yake tare ta. Hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa, iskar damana daga kudu maso yamma, manyan hadura kuwa daga gabas. A nemi fili wanda waɗannan gabobi ke buɗe.

Turken zai fi komi tsawo a wurin, saboda haka tsawa za ta neme shi. A kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa a haɗa ta da turke da waya mai kauri. Wayar da ke saukowa ta bi cikin tiyo, saboda rana da awaki da ɓeraye. Akwatin ya zauna cikin inuwa, a shafa mashi farin fenti, a sa kwaɗo. Ranar ɗaga turke aikin gayya ne na manya, yara su tsaya nesa.

Kafin a ɗaga, a gwada. Da sassafe, ranar da ba iska, a ɗaure ludayin bisa doguwar sanda gaban mota, sama da rufinta, a bi miƙaƙƙiyar hanya a je a dawo. Kilometir 18 a awa daidai yake da metir 5 cikin daƙiƙa, kilometir 36 kuwa metir 10. In akwati ya rubuta abin da ya yi nisa da haka, a gyara tun yana ƙasa. Bayan haka a bar shi ya yi mako biyu yana aiki a tsakar lakwal, a riƙa cire mashi wuta da gangan a mayar, a gani ko yana tashi da kanshi ya ci gaba da rubutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da za mu samu ba da ko dala ba. Taswirar Global Wind Atlas, wadda jami'ar fasaha ta Danmak da Bankin Duniya sunka yi, tana ba da ƙiyasin iskar kowane yanki. Ƙiyasi ne, ba ta san gawon bayan gari ba, amma za ta nuna mana ko muna kusa da hanya. Tashoshin meteo na Maraɗi da Damagaram da Tawa kuma suna da awon shekaru masu yawa. In mun gama namu, sai a kwatanta, a gane ko shekarar da munka auna ta saba ce ko ta dabam.

NA SHIDA: RANAR DA INJI YA HAU

Wannan kashi na masu haɗa wayoyi ne, ku riƙe shi da kyau. Injin metir 2,4 na iya kaiwa wajen wat 700 cikin iska mai ƙarfi. A batirin bolt 24, kusan amfer 30 ke nan. Ɗan allon INA219 da ake sayarwa yana tsayawa ga amfer 3,2. In kunka bi da wutar inji ta cikinshi zai ƙone. Abin da ya dace shi ne guntun ƙarfen awo mai kauri da ake kira shent, na amfer 50, tare da allon INA226. A sa shi tsakanin diyod masu daidaita kuran da batiri, domin a auna duk abin da injin ya bayar, ba abin da ya rage bayan fitilu sun sha ba. Anemometir kuma a matsar da shi gefe, metir 5 zuwa 10 daga injin, don kada iskar da fukafukai sunka dama ta ruɗe shi.

Gargaɗi babba: injin iska ba fano ba ne. Fano in ka cire wayarshi zaune yake lafiya. Injin iska in ka raba shi da batiri cikin iska, sai ya zama doki marar linzami, ya yi ta gudu har fukafukai su tarwatse. Kada wani ya kwance waya don ya sa na'urar awo sai an taka ma injin birki ya tsaya cik.

Amfanin awon nan shi ne ya zama likitan inji. In bara iskar metir 6 tana ba da amfer kaza, bana iri ɗayanta ta ba da ƙasa da haka sosai, to akwai ciwo: diyod ta ƙone, ko rairayi ya cinye bakin fukafukai, ko ƙura ta shiga boris. Sai a sauke a duba tun abin bai yi nisa ba.

NA BAKWAI: ABIN DA NIKE ROƘON TARO YA YANKE

Na'ura ba ta kula da kanta. Mun sha ganin famfo da injin niƙa sun tsaya don ba a ce wane ne mai su ba. Ga shawarwarina guda shida, taro ya duba.

1. Kada a sayi maganaɗisu ko wayar jan ƙarfe sai an cika wata 12 ana awo: hunturu, bazara, damana, kaka. Awon hunturu kaɗai zai yi mana daɗin baki.

2. A fara da neman aro. In ba a samu ba cikin wata biyu, a sayi anemometir da kibiya na kamfani, domin su ne idon aikin, samarinmu kuma su haɗa akwatin da Arduino, su yi guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya. Kuɗin awo duka kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na asusun aikin. Turken da za a saya ba hasara ba ne, ƙarfe ne, yana nan.

3. A naɗa mutum biyu, namiji da mace, masu zama gari rani da damana. Kowace ranar kasuwa su duba: ludayi na juyawa ba ƙara? Fano ba ƙura? Agogo daidai?

4. Kati biyu. Ranar ɗaya ga kowane wata a cire ɗaya a sa ɗaya, a kwafe awon wuri biyu. In wani abu ya lalace, wata guda munka rasa, ba shekara ba.

5. A ajiye kaye kusa da akwati, a rubuta duk abin da ya faru: guguwa, gyara, ranar da anka tarar ya tsaya. Yaran CM1 da CM2 za su fidda mwayen na kowane wata, a liƙa a ƙofar lakwal, a kuma buga cikin wannan takarda tamu, kowa ya gani.

6. Mu yanke ƙa'ida tun yau, tun ba mu ga lamba ba, don kada gobe son rai ya shiga. In mwayen ɗin shekara bai kai metir 4 ba, kuɗin su tafi ga fano. In ya kai 5, a ƙera inji. In ya faɗa tsakani, a dubi watanni da awoyin da iska ke zuwa, a yi shawarar haɗa ƙaramin inji da fano.

Samari, na san shekara guda tana da tsawo ga mai ɗoki. Amma ba zama za ku yi ba: ku sassaƙa fukafukai na gwaji, ku koyi naɗin waya, ku koyi karanta lambobi. In awo ya ce a ƙera, kun shirya. In ya ce a'a, kun tsirar da kuɗin iyayenku, kun kuma bar ma garuruwan da ke kewaye da mu awon da ba su da shi, akwatin ma sai mu ara masu. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan. Wanda ke da tambaya ko gyara, fili nashi ne. Allah ya ba mu sa'a, ya kai mu damana lafiya.